Ƙyashi Ya Doshi Ƙasashen Sanyi

Daga nan birnin Dubai, a gaɓar Tekun Fasha, mu ke kawo muku jawabin kimiyya na wannan mako. Yau za mu yi magana ne a kan wani ɗan ƙwaro wanda saboda ƙanƙantarsa ya kan ratsa ta idon gidan sauro, amma duk da haka ya kan kwantar da mutum wajen dubu 700 zuwa miliyan ɗaya kowace shekara, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. A dā an san shi a ƙasashen zafi da gaɓar Bahar Rum kaɗai. To, tun daga 1999 sai ga shi ana ta kama shi a Jamus da Beljiyam da Ostiriya, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa da hunturu. Za mu duba abin da ya kai shi can, mu kuma ga ina ruwanmu da wannan labari.

Hausawa su kan kira ƙananan ƙwari masu cizo iri iri da sunan ƙyashi. Wanda mu ke nufi a nan shi ne wanda Larabawa da Turawa ke ce wa ƙudan rairayi, masana kuwa su ce da shi Phlebotomus, watau mai tsaga jijiya da harshen Girkawa. Tsawonsa ba ya wuce milimita 3, kamar rabin ƙwayar shinkafa ke nan. Launinsa irin na rairayi ne, jikinsa duk gashi, in ya sauka kuma ya kan ɗaga fikafikansa sama, ba ya kwantar da su kamar sauro. Ba ya kuka a kunnen mutum. Don haka ne mutanen Italiya suka sa masa suna fafatachi, watau mai ci shiru. Macen ce kaɗai ke shan jini, domin da shi ƙwanta ke nuna, ta kan fito kuwa daga faɗuwar rana zuwa asuba.

Akwai abu biyu a halinsa da ya kamata ku riƙe, gama a kansu sauran maganarmu za ta tsaya. Na farko, ba a ruwa ya ke haihuwa ba. Macen ta kan zuba ƙwanta, kamar 30 zuwa 70, cikin ƙasa mai ɗan danshi da ruɓaɓɓen ganye ko kashin dabbobi: ramin ɓera, tsaguwar bango, gindin itace, suri, turken dabbobi. Tsutsar ta kan ci wannan ruɓaɓɓen abu har ta riƙa, daga ƙwai zuwa ƙwaro mai fiffike kuwa a kan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu in da ɗumi. Na biyu, rago ne wajen tashi. Tsalle tsalle ya ke yi kusa da ƙasa, iska kaɗan ta kan hana shi fita, yawancinsu kuma su kan mutu ba su yi nisan mita ɗari biyu ko uku daga inda aka ƙyanƙyashe su ba. Ashe ƙwaro irin wannan ba zai tashi daga Bahar Rum ya sauka Jamus a dare ɗaya ba.

Cutar da ya ke ɗauka sunanta lishmaniya. Ƙwayarta wata 'yar halitta ce wadda ba a ganinta sai da madubin likita, akwai kuwa irinta fiye da 20 masu kama ɗan Adam. In macen ƙyashi ta sha jinin mutum ko dabba mai cutar, ƙwayoyin su kan hayayyafa a hanjinta har mako ɗaya ko biyu, sa'an nan su taru a maƙogwaronta. Ran da ta sāke cizo sai ta amayar da su cikin fatar wani. Abin mamaki, fararen ƙwayoyin jini waɗanda aikinsu haɗiye baƙuwar cuta su kashe ta, su ne wannan ƙwaya ke shiga ta mai da su gidanta.

Cutar ta kan zo ta fuska biyu manya. Ta farko ta fata ce. Bayan makonni ko watanni da cizo sai ɗan ƙurji ya fito a fuska ko hannu ko ƙafa, ya yi ta faɗi sannu a hankali har ya fashe ya zama gyambo mai tudun baki, yawanci ba ya zafi sosai. Ya kan warke da kansa bayan watanni ko shekara, amma ya bar tabo har mutuwa. Mutanen Halab ta ƙasar Sham su kan kira shi ƙurjin shekara, haka ma Farisawa, wani likita Bature mai suna Alexander Russell ya bayyana shi a Halab tun 1756. A Bagadaza da waɗansu garuruwan Gabas, iyaye a dā su kan ɗebo ruwan gyambon su sa wa yaro a inda tufa ke rufewa, domin ya yi cutar a can, fuskarsa ta tsira. Fuska ta biyu ita ce ta ciki, wadda Indiyawa ke kira kala-azar, watau baƙin zazzaɓi. Wannan ta kan shiga saifa da hanta da ɓargo. Maras lafiya ya yi ta zazzaɓi makonni, ya rame, jininsa ya ƙare, cikinsa ya kumbura don girman saifa. In ba a yi magani ba, fiye da 95 cikin 100 su kan mutu.

An daɗe kafin a gane tushen abin. A 1900 wani likitan sojan Ingila, William Leishman, ya ga waɗansu ƙwayoyi a saifar wani soja da ya mutu bayan ya yi aiki a Dum Dum kusa da Kalkata, ya buga labarin a 1903. A shekarar nan kuma Charles Donovan ya ga irinsu a Madaras, don haka aka haɗa sunayensu biyu aka raɗa wa ƙwayar. A 1908 Charles Nicolle ya same ta a jikin karnuka a Tunis. A 1921 waɗansu likitoci 'yan'uwan juna, Edmond da Etienne Sergent, suka kamo ƙyashi daga Biskra ta Aljeriya, suka niƙe shi suka shafa a fatar mutanen da suka ba da kansu, gyambon kuwa ya fito. Sai a 1941 aka tabbatar a Birnin Ƙudus cewa cizon kansa ke kawo gyambon, a 1942 kuma aka tabbatar da haka game da kala-azar a Indiya.

Kada wani ya ce wannan ciwon Larabawa ne da Indiyawa. An fara ba da labarin gyambon a ƙasar Nijar tun 1911, a Nijeriya kuma a 1924, daga baya likitoci suka yi ta samunsa a wajajen Sakkwato da Keana ta Jihar Nasarawa. A ƙasashenmu ɓerayen daji ne ke riƙe da ƙwayar, ƙyashin kuma ya kan kwana a raminsu. A Wagadugu, daga 1996, ciwon ya yawaita har mutanen gari suka sa masa sunan sabuwar unguwar nan ta Waga 2000, wadda aka gina a bakin daji. A gabashin Sudan kuwa, a ƙasar Gadarif inda Hausawa da yawa suka zauna suna noma tun zamanin tafiya Makka a ƙasa, kala-azar ce ke ɗaukar yara. Ƙyashin wurin yana son baƙar ƙasa mai darewa da rani da inuwar aduwa da dushe, ya fi cizo kuma da bazara, sa'ad da zafi ke sa mutane kwana a waje. A kudancin Sudan na wancan lokaci, tsakanin 1984 da 1994, an ƙiyasta cutar ta kashe mutum wajen dubu 100 a yammacin lardin Upper Nile, ana cikin yaƙi.

To, yanzu mu juya arewa. Me ya tsare ƙwaron nan a gaɓar Bahar Rum shekara da shekaru? Sanyi ne. Ƙwaro ba ya ɗumama jikinsa kamar mu, zafin wurin da ya ke shi ne zafin jikinsa. In sanyi ya sauka tsutsar ƙyashi ta kan lafe cikin ƙasa ta daina girma har hunturu ya wuce, wannan kam tana iyawa. Abin da ba ta iyawa shi ne gajeren lokacin ɗumi. Tilas ta sami makonni masu ɗumi a jere, isassu, don ta riƙa, ta fito, ta sha jini, ta zuba ƙwai, 'ya'yan kuma su yi ƙwari kafin sanyi ya komo. Masana sun lura yawanci ba a samunsa sai inda matsakaicin zafin shekara ya kai wajen digiri 10 a ma'aunin Selshiyas. Ƙwayar cutar ma haka ta ke, gama in da sanyi ta kan yi jinkirin girma a hanjin ƙwaron, har ya mutu ba ta kai bakinsa ba.

Wannan katanga ta sanyi ita ce ta fara tsagewa. Tun daga wajen 1980 nahiyar Turai tana ɗumama da saurin da ya ninka na duniya baki ɗaya, shekarar 2024 kuma ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara awo. Dalili kuwa sananne ne, hayaƙin gawayi da man fetur da gas da ke taruwa a sama yana riƙe zafin rana. A arewacin Italiya, gindin tsaunukan Alps, a dā ba a san cutar a karnukan wurin ba. Daga wajen 1990 sai aka fara ganinta a lardunan Piedmont da Aosta da Veneto, binciken da aka yi daga 2003 zuwa 2005 kuma ya sami ƙyashin da karnuka masu cutar a wurare da dama. A 1999 wani masani Bajamushe, Torsten Naucke, ya kama ƙyashi a kwarin Kogin Rayin, kudu maso yammacin Jamus, wurin da ya fi ko'ina ɗumi a ƙasar. Yawanci a tsofaffin rumbuna da ɗakunan dabbobi masu daɓen ƙasa ya ke samunsa. A 2001 aka kama shi a Beljiyam, a 2009 a kudancin Ostiriya, a 2013 kuma a garin Giessen, can arewa da Frankfurt.

A nan wajibi ne mu yi hattara, don kimiyya ba ta son gaggawa. Irin da aka fi kamawa a waɗannan wurare, mai suna mascittii, ba a tabbatar yana sa wa mutum cutar ba, ko da ya ke a 2001 an kama a Jamus wani iri, perniciosus, wanda shi ne babban mai ɗaukarta a Sifen da Faransa da Italiya. Sa'an nan waɗansu masana suna ganin ƙwaron ya daɗe a waɗannan kwaruruka, kaɗan kaɗan, ba wanda ya ɗana masa tarko sai yanzu. Maganar tana da ƙarfi, tun da mun ga ba mai tafiya ba ne. Amma ko baƙo ne ko ɗan gari ne da ya ɓuya, ƙarshen lissafin ɗaya ne: ɗumi yana ƙara masa yawa, yana tsawaita watannin cizonsa, yana kuma buɗe masa ƙasar da ke gaba, ƙauye bayan ƙauye, da kan tudun da dā sanyi ya hana shi hawa.

Ƙwaro shi kaɗai ba ya ƙirƙiro cuta, sai ya sami jini mai ita. A nan ne hannun ɗan Adam ya shigo. Cikin Turai kare ne babban rumbun ƙwayar, Turawa kuwa ba su rabuwa da karnukansu. Su kan tafi da su hutu Sifen ko Girka ko kudancin Italiya, ƙungiyoyin tausayin dabbobi kuma su kan kwaso karnukan titi daga can su kai arewa a raba wa masu so. Kare ya kan yi watanni ko shekaru da cutar ba alama. A Ingila, bayan an sassauta dokar shiga da dabbobi a 2000, likitocin dabbobi sun ƙirga karnuka fiye da 250 masu cutar tsakanin 2005 da 2007. Ingila ta tsira ne don ba a san ƙyashin nan a cikinta ba. Jamus kuwa tana da karnukan, ga shi ta sami ƙwaron. A 2001 likitocinta suka buga labarin wani yaro ƙarami da ya kamu da ta ciki, alhali bai taɓa zuwa ƙasar da aka san ta da cutar ba. Ƙwaro yana rarrafe a ƙasa, ƙwayar cuta tana tafiya a mota da jirgin sama, inda suka gamu kuwa nan ciwo ke kafa sansani.

Ba ɗumi kaɗai ke haɗa su ba. Daga 2009 cutar ta ɓarke a Fuenlabrada da maƙwabtanta, kudu da Madrid, zuwa ƙarshen 2012 ta kama mutum fiye da 400. Aka gwada karnuka ba a sami abin da zai bayyana yawan nan ba. Ashe zomaye ne. An mai da tsofaffin gonaki wurin shan iska a jikin sababbin unguwanni, ba mafarauci ba dila, zomaye suka yi yawa, ƙyashi ya sami abinci da makwanci, mutane kuma suna fitowa yawo da maraice. Wannan da labarin Wagadugu ɗanjuma ne da ɗanjummai. A Amurka ma an daɗe da sanin gyambon a kudancin Tekzas, daga baya aka riƙa samunsa a arewacin jihar har Oklahoma, a jikin mutanen da ba su taɓa fita ƙasar ba. Ban da lishmaniya, ƙwaron yana ɗaukar zazzaɓin kwana uku wanda ya kwantar da sojoji da yawa a Italiya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da wata ƙwayar cuta da aka gano a Toskana a 1971, mai kumbura rigar ƙwaƙwalwa.

Ina ruwan mai sauraro a Kano ko Maraɗi ko nan Dubai da rumbunan Jamus? Ruwansa shi ne taswirar cututtuka da likitoci suka haddace a makaranta ta soma canjawa, mu kuwa mutane ne matafiya. Filin jirgin saman Dubai ya karɓi fasinja wajen miliyan 92 a 2024. Kusan tara cikin goma na mazauna wannan ƙasa baƙi ne, da yawansu daga Indiya da Pakistan da Afganistan da Sham da Sudan, ƙasashen da cutar ta daɗe a cikinsu. A makwabciyarmu Saudiyya, dausayin dabinon nan na Ahsa ya shahara da gyambon, ɓerayen hamada ne ke riƙe da shi. Ɗan kasuwar da ya zo sayayya Deira, da ɗalibin da ke karatu a Turai, da alhajin da ya ratsa Gadarif, kowannensu na iya ɗaukar ƙwayar a wata ƙasa, ta fito masa bayan wata uku a wata ƙasa dabam, gaban likitan da bai taɓa ganinta ba. Sau da yawa a kan yi ta ba mai kala-azar maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifot har lokaci ya ƙure, mai gyambo kuma a yi ta shafa masa man da ba ya taɓa wannan ƙwaya.

Saboda haka ga abin da za ku riƙe. Gyambon da ya wuce wata ɗaya bai warke ba, musamman a fuska ko hannu ko ƙafa, a kai shi asibiti, kada a ƙona shi ko a zuba masa ruwan batir, gama wannan ƙara tabo ya ke yi. Zazzaɓin da ya haura mako biyu bai ji maganin cizon sauro ba, ga rama ga kumburin ciki ta hagu, a nemi gwajin jini, a kuma gaya wa likita duk ƙasashen da aka taka cikin shekara biyu da suka wuce, ko bai tambaya ba. Magani akwai. Tun 1922 wani likitan Kalkata, Upendranath Brahmachari, ya haɗa allurar da ta ceci dubbai, daga irin ma'adinin da a ke yin tozali da shi a waɗansu ƙasashe. A gabashin Afirka a kan haɗa allura biyu a yi kwana 17, a Indiya kuwa akwai maganin da a ke ɗurawa ta jijiya sau ɗaya, da ƙwayoyin sha na kwana 28. Allurar rigakafi ta mutane dai ba a samu ba tukuna.

Tsare kai kuwa daga halin ƙwaron ya ke fitowa. Tun da ya kan ratsa gidan sauro na kullum, a nemi mai feshin magani ko mai ƙananan idanu, a sa shi ko a waje a ke kwana. Tun da a ƙasa ya ke haihuwa, a yaɓe tsaguwar bango, a kwashe juji da kashin dabbobi daga jikin ɗakin kwana, a toshe ramukan ɓeraye. Tun da ba ya jure iska kuma ba ya tashi sama sosai, fanka da gado mai tsawo da kwana a kan soro suna rage cizo. Mai kare ya sa masa abin wuya mai magani. Hukuma ma tana da nata aikin, kuma tarihi ya nuna hatsarin sakaci. Feshin DDT da aka yi a Indiya don sauro bayan 1950 ya kusa ƙarar da kala-azar, da aka daina sai ta komo da ƙarfi a Bihar wajen 1977. Bangaladash kuwa ta dage da neman marasa lafiya gida gida da feshi da magani kyauta, har a Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ita ce ƙasa ta farko da ta kawar da kala-azar daga matsayin annoba.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A wannan karo gemunmu ne ya daɗe yana ci, na Turawa ya fara ɗumi. Su suna ɗana tarko a rumbunansu kowace shekara suna ƙirga ƙwaro ɗaya ɗaya, suna rubuta inda ya kai. Abin da ya cancanci asibitocinmu da jami'o'inmu shi ne su yi irin wannan ƙirga a Sakkwato da Damagaram da Gadarif, inda yara ke yawo da tabon a fuska ba a rubuta sunan ciwonsu a littafin kowa ba.

Nan za mu dakata a jawabinmu na yau. Wanda ke da tambaya a kan wannan magana ya rubuto mana, za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya yarda. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Mu kwana nan.